Rabon Baɗi

Shagon ƙungiyar maɗinka yana kan layin da ya bi ta bayan makarantar da na koyar shekara talatin da ɗaya. Ɗaki ne mai tsawo, ƙofa ɗaya, taga biyu, da kekunan ɗinki bakwai a jere jikin bango. Daga shiga, a hannun dama, akwai teburin katako wanda gefensa ya yi sulɓi saboda gugar ciki da ta gwiwar hannu, a gabansa kuma da dogon benci. Teburin na Mai Awo ne. Ba na jin akwai mutum goma a unguwar da suka san sunan da aka raɗa masa. Matarsa ma, har ta rasu, Mai Awo take ce masa idan tana ba da labarinsa.

Kayan makaranta kaɗai ƙungiyar take ɗinkawa, kuma aikin a rabe yake. Mai Awo ya auna yaro ya yanka yadi, maɗinka su haɗa, sannan kayan su wuce ƙarshen ɗaki wurin Mai Guga, wani kakkauran mutum mai yawan tsokana wanda suka shiga ƙungiyar tare tun suna samari. Makonni biyu kafin a koma makaranta, bencin nan ba ya hutawa. Iyaye su cika shi, yara su cika ƙasa, layi ya fita har bakin titi, ƙamshin sabon yadi da tururin guga su cika wurin. A nan ake jin wanda ya haihu, da wanda aka yi wa canjin wurin aiki, da malamin da ya fi kowa bulala. Ni kaina na sha jin labarina a wannan layi, daga bakin mutanen da ba su lura ina bayansu ba.

Yadda yake awo ne ya bambanta shi da kowa. Idan aka tsayar da yaro a gabansa, ba yaron yake fara duba ba. Wanda ya kawo shi yake ƙare wa kallo: tsawon ƙwaurin uba, faɗin kafaɗar uwa. Sannan ya sa yaron ya cire takalmi, ya dubi tafin ƙafarsa, ya kama wuyan hannunsa ya jujjuya. Bayan wannan ne zai zaro tef ɗin awo daga wuyansa. Abin da tef ya ba shi, sai ya ɗora masa wani abu daga kansa, wani yaron inci biyu, wani har huɗu. Kaɗan daga ƙarin yakan bar shi a fili, a faɗin ƙirji da kafaɗa, sauran kuma ya sa a ninke shi sau biyu cikin kalmasar bakin wando da ta hannun riga. Wannan ninkin shi da kansa yake kama shi da allura, da jan zare, ko da wane launi ne yadin. Ya sa masa suna rabon baɗi.

"Idan kika ga idon sawunsa ya fara leƙo duniya," haka yake gaya wa kowace uwa, "ki nemi jan zaren nan ta ciki, ki ja shi sau ɗaya. Ninki ɗaya zai sauka. Na biyun ki bar shi sai wata shekarar."

"Wato kai ne kake hana mu ciniki," in ji Mai Guga daga ƙarshen ɗaki. "Wando ɗaya shekara uku. Da ma kafinta ka zama, ka riƙa yi musu na katako."

"Kai dai goge abin da aka ba ka. Jiya ma ka ƙona aljihu."

"Aljihun da ka yanka a karkace? Taimakonsa na yi."

Na daɗe ban san asalin wannan ɗabi'a ba. Sai wata rana da rana tsaka, shago babu kowa, na kai masa rigata ya rage mini hannu, ya ba ni labarin yana aiki, bai ɗago kai ba. Ya ce ya yi makaranta shekara uku da wando guda. A shekara ta huɗu wandon ya ɗage, ya matse, har ya yage a wurin zama ranar da aka kira shi gaban allo. 'Yan aji suka yi dariya, malamin ya ce ya tafi gida, kada ya dawo sai da sabo. Mahaifinsa ya ce a jira wata mai zuwa. Watan ya zo ya wuce, wani ya biyo shi, daga ƙarshe aka kai shi wurin wani tela ya koyi sana'a.

"Lissafi nake so, Malam," ya ce. "Inci uku ne suka raba ni da shi."

Na tuna ni ma na taɓa mayar da yara gida a kan abin da bai kai wannan ba.

Shekaru suka tura. Gari ya buɗe, iyalai suka koma sababbin unguwanni masu nisa, aka fara sayar da ɗinkakkun kaya a manyan kantuna. Layin da yake kaiwa titi ya dawo bai wuce bakin ƙofa ba, daga baya bencin ma ya daina cika. Kekuna biyu aka lulluɓe da zane. A lokacin ne Auta, 'yar Mai Awo ta ƙarshe, ta bar aikin da take yi a wani kamfanin rarraba kaya ta dawo gida da 'ya'yanta biyu. Mace ce mai kaifin baki irin na uwarta da haƙuri irin na ubanta. Ta zauna da 'yan ƙungiya ta ce musu mutanensu ba su guje su ba, nisa ne ya raba su. Idan iyaye ba za su iya zuwa shago ba, shagon ya je musu ta waya. Ta buɗe wa ƙungiyar shafi a intanet. Uwa tana zaune a ɗakinta za ta zaɓi makaranta da launi, ta auna ɗanta da kanta, ta rubuta lambobin a fom, ta biya, mai babur ko motar saƙo ta kai mata kaya har ƙofa.

Gaskiya ita ce abin ya karɓe su. A hutun farko aka sami oda sittin da biyu, wasu daga garuruwan da babu wanda ya taɓa zuwa cikin maɗinkan. Aka yaye zanen da ke kan kekunan nan biyu. Yadi ya daina kwana a shago, domin sai an san abin da za a ɗinka ake sayo shi. Aikin da a da yake taruwa cikin mako biyu, har a yi ta faɗa da iyaye a kan alkawari, ya bazu cikin hutun gaba ɗaya. Kowace safiya Auta takan buga fom ɗin a takarda ta ajiye wa mahaifinta a tebur, shi kuma ya sa tabarau, ya karanta, ya ɗauki alli.

Na iske shi wata safiya yana jinjina wata takarda.

"Malam, dubi nan. Shekara shida, amma tsawon wandonsa na ɗan shekara tara ne. Yaran yanzu madara ta karɓe su."

"Ko kuma tabaranka ne yake ƙara musu," in ji Mai Guga.

Mai Awo bai kula shi ba. A ganinsa, yaron da ya kai haka a shekara shida ba ƙaramin tsawo zai yi ba, don haka ya ba shi rabon baɗi mai yalwa. Haka ya yi wa duk takardar da ta zo da manyan lambobi, kuma suna da yawa.

Kwana huɗu bayan an fara kai kaya, hotuna suka fara shigowa wayar Auta. Ga yaro a tsaye, hannun riga ya haɗiye yatsunsa, ƙafar wando tana share ƙasa. Ga yarinya, kafaɗar rigarta ta sauko kusa da gwiwar hannu. Wata uwa ta rubuto tana tambaya ko kayan maigidanta aka aiko mata bisa kuskure. Kafin mako ya ƙare, kaya arba'in da ɗaya sun dawo, an jibge su a kan bencin, saura kwana goma sha biyu a koma makaranta.

'Yan ƙungiya suka yi taro bayan an tashi daga aiki, aka ce in zauna tun da na zama kamar ɗan gida. Shugaban ƙungiya mutum ne mai ladabi, kuma ya girmama Mai Awo a maganarsa, amma abin da ya faɗa a fili yake. Ya ce ido yana gajiya, kuma babu abin kunya a ciki. Ya ce sayarwa ta intanet ba ta son hasashe, tana son ƙa'ida: a koma yanka kaya lamba-lamba kamar na kanti, ƙarami da matsakaici da babba, a bar awo da jan zare. Teburin kuma a fitar da shi, a sa kantar naɗe kaya a wurin, domin kwalaye sun rasa wurin zama. Mai Awo ya riƙa zuwa yana hutawa, ba za a rage masa komai ba.

Babu wanda ya dubi wani. Mai Awo ya zare tef daga wuyansa, ya naɗe shi a yatsu biyu, ya sake warwarewa.

"Ban karanta lamba ko ɗaya ba daidai ba," ya ce. "Takardun suna nan."

"To ai ga kayan nan a benci, Baba," in ji Auta a hankali. "Ni ma ban san me zan ce wa mutane ba."

Mai Guga ne ya yi gyaran murya. "Ku ba shi kwana uku. Shekara arba'in ina goge ɓarnarsa, ban taɓa ganin irin wannan ba. Ko dai ya haukace gaba ɗaya, ko akwai wani abu. In haukan ne, ni zan ɗauki teburin da kaina."

Aka amince da kwana uku.

Washegari da safe na same su, uba da 'ya, sun baza takardu sittin da biyu a tebur. Sun auna kowane wando da ya dawo, sun gwada da fom ɗinsa, lambobin sun dace da abin da ya yanka, har da ƙarin da ya yi da saninsa. Ƙarin nasa kaɗai bai isa ya mai da yaro haka ba. Auta ta ware takardun gida biyu, na waɗanda suka dawo da kaya da na waɗanda ba su ce komai ba, ta miƙo mini kashi na farko don in karanta mata sunayen iyaye tana duba lambobin waya.

Ban kai na goma ba na dakata. Wannan na koyar da ita a aji huɗu. Wannan shi ne mai zama kusa da taga yana cin allin makaranta. Wannan ƙanwar wancan ce. Na bi arba'in da ɗayan nan, kusan duka na san su, ko na san gidansu. Na ɗauki kashi na biyu, ban gane suna ko ɗaya ba.

"Waɗanda suka dawo da kaya yaranmu ne," na ce. "Duk sun zauna a bencin nan. Baƙin ne ba su yi ƙorafi ba."

Mai Awo ya cire tabarau. "Kira mini ɗaya. Irin kiran da ake ganin mutum."

Auta ta kira wadda ta yi maganar kayan maigidanta. Fuskarta ta fito a wayar, mace mai kimanin shekara talatin da biyar, tana cikin kicin. Da ta ga wanda ke kallonta sai ta gyara mayafi ta rusuna, kamar yana gabanta.

"Baba, ina kwana? Wallahi ban san da kai za a haɗa ni ba, da ban rubuta abin da na rubuta ba."

"Lafiya lau, 'yata. Ke ce mai tsoron almakashi, ko? Ina yaron? Tsayar da shi jikin ƙofa, ya cire takalmi. Ke ma tsaya kusa da shi."

Aka ba wani ya riƙe wayar. Yaro ɗan firit ya tsaya kusa da uwarsa yana tsotsar yatsa. Mai Awo ya matso da fuskarsa har hancinsa ya kusa taɓa gilashin.

"Wannan ne mai inci talatin?"

Matar ta sunkuyar da kai tana dariya. "Ashirin da shida ne, Baba. Ni na ƙara huɗu."

"Don me?"

"To ai na ga waya ce. Na ce na'ura ina ta san rabon baɗi? Ta ina za ta ga ƙafar yaro? Na ɗauka ma ka daina aiki. Sai na ce bari in yi masa yadda kake yi mana, kada wando ya ɗage masa a tsakiyar shekara. Har a ƙirji na ƙara."

Mai Guga, wanda ya bar dutsen guga ya zo ya tsaya a bayanmu, ya riƙe ciki. "Ka gani? Ka koya wa gari duka sata a awo, yau ga shi sun yi maka."

Mai Awo bai yi dariya ba. Ya goge tabaransa da bakin riga, ya daɗe yana gogewa. Sannan ya ce wa matar, "Wa ya ce miki huɗu? Dubi ƙafarsa. Wannan biyu zai ci a bana, ubansa ba dogo ba ne."

"Ka taɓa ganin babansa ne, Baba?"

"Ga takalminsa can a bakin ƙofa."

Sun kira mutum goma sha bakwai a ranar, sauran washegari. Amsar ɗaya ce, sai dai yawan incin ya bambanta. Wani uba ya ce shi da matarsa kowa ya ƙara nasa ba tare da ɗayan ya sani ba. Kowane yaro aka tsayar da shi jikin ƙofa, babu takalmi, kusa da wanda ya haife shi, Mai Awo yana kallo yana faɗin lamba, Auta tana rubutawa. Aka farke kayan, aka rage, maɗinka bakwai da mai guga ɗaya suka yi kwana takwas ba su ɗaga kai ba. Yaro na ƙarshe ya karɓi nasa ana gobe komawa makaranta.

Shugaba da kansa ya ce a bar maganar lamba-lamba. Auta ta gyara fom ɗin. A samansa ta rubuta da manyan baƙaƙe cewa kada kowa ya ƙara komai, Mai Awo yana nan, shi zai ƙara. A ƙasa ta buɗe wurin saka hoto: yaro a tsaye jikin ƙofa, ƙafa babu takalmi, tare da uwa ko uba. Ta ɗauki hoton kalmasa da jan zarenta ta sa a fuskar shafin, da bayanin yadda ake ja. Ta kawo mini rubutun in duba mata kafin ta saka, na gyara waƙafi biyu.

A hutun da ya biyo baya oda ta haura ɗari biyu. Da yawa daga baƙi ne, waɗanda suka ji labarin wandon da yake girma tare da yaro. Wasu makarantu biyu suka ba ƙungiyar aikin ɗalibansu gaba ɗaya, aka ɗauki sababbin maɗinka uku, aka koya wa biyu daga cikinsu kama ninki da jan zare, domin hannu ɗaya ba zai iya ba. Teburin yana nan inda yake.

Bencin ne aka fitar. Kwalaye sun rasa wurin zama da gaske, kuma babu mai zama a kansa. An jingine shi a bayan shago, ƙarƙashin inuwar kwano, inda ni da Mai Guga mukan zauna idan zafin dutsen ya ishe shi. Cikin shagon yanzu babu hayaniya sai ƙarar kekuna da ƙaramar ƙarar da waya take yi idan oda ta shigo. Makonni biyun nan na ƙarshen hutu suna zuwa su wuce, titi bai sani ba.

Auta ta saya wa mahaifinta waya mai faɗin allo, ta kafa masa ita a tebur jikin gwangwanin alli. Ya koyi buɗa hoto da yatsu biyu. Yakan fara da uban ko uwar, ya gangara zuwa ƙafar yaron, ya daɗe a nan. Ya ce mini hoto yana nuna ƙafa da kafaɗa sosai, amma ba ya nuna wuyan hannu yadda yake so, domin wannan sai an kama an ji ƙashin. Tef ɗin yana wuyansa kullum, ko da yake yadi kaɗai yake aunawa da shi.

Ranar da na je na ƙarshe, na tarar yana kallon hoton wata yarinya da mahaifinta, wani dogon mutum mai sanƙo, sun tsaya jikin wata koriyar ƙofa a garin da ban sani ba.

"Malam, ka gane wannan?"

Na duba, ban gane ba.

"Ajinka ya yi. Shi ne wanda ya ja zaren duka biyu a rana ɗaya, don yana so ya zama babba, uwarsa ta kawo shi nan tana jan kunnensa." Ya buɗa hoton wajen ƙafar yarinyar. "Ita ma za ta yi tsawo. Uku da rabi."

Ya rubuta a gefen takardar, ya jawo yadi, ya laluba aljihu ya ciro alli.